Injin Stirling Mai Sakakken Fistin: Yadda Yake Aiki da Matsalar Daidaitonsa

Gabatarwa

Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, wadda tafkinta ya cinye tsibiran Gungawa da dama, mutanen ƙasar Yawuri sun san ƙarfin ruwa yana samar da lantarki. Akwai kuma injin da zafi kaɗai yake buƙata, ko na rana, ko na itace, ko na ɓuntun shinkafa. Wani limamin coci ɗan ƙasar Sukotilan, Robert Stirling, ya ƙirƙiro shi a 1816. A 1964 William Beale na Jami'ar Ohio a Amurka ya fito da nau'insa mai sakakken fistin.

Yadda Yake Aiki

Ana rufe iskar hiliyam cikin silinda mai kai biyu, ɗaya da zafi, ɗaya da sanyi. Wani fistin marar nauyi yana kai iskar bakin zafi ta kumbura, ya maido ta bakin sanyi ta tsuke. Wannan kumburi da tsukewa ke tura fistin na biyu, wanda yake ɗauke da maganaɗisu yana kai-da-komo cikin naɗin wayar tagulla, sai lantarki ya samu. Ba karanshaf, ba man giris, don haka lalacewarsa kaɗan ce. Wani irinsa a cibiyar Glenn ta hukumar NASA ya yi fiye da shekara 12 yana aiki ba gyara.

Matsalar Daidaito

Da yake babu ƙarfen da ya ɗaure fistocin biyu, motsinsu kamar lilo yake: dole turin ya zo a kan kari. Idan aka rage kayan da ke jan wutar farat ɗaya, ƙarfin ya rasa mafita, fistin ya zarce iyaka ya doki kan silinda. Idan lodin ya yi yawa, motsin ya ragu har injin ya mutu. Shi ya sa injiniyoyi suke fara kwaikwayon injin da lissafi a kwamfuta, suna auna nauyin fistin, da taurin sifirin, da matsin iska, kafin a ƙera shi. Tushen wannan lissafi shi ne aikin Gustav Schmidt na 1871.

Auna Fahimta

1. Me ya bambanta wannan inji da injinan Kainji?
2. A bayyana dalilin da ya sa rage lodi yake iya lalata shi.