Abota, waƙa da aljanu: Me ya sa littafin farko na matasan marubuta ke ƙarewa da takaici?

A fadojin matasan Matameye da ke jihar Damagaram, inda ake raba dare ana shan shayi, karatun labari ya koma cikin waya. Marubuta masu tasowa kan saki littafinsu shafi-shafi a WhatsApp, Facebook ko Wattpad, kuma 'yan garin da ke ci-rani a Kano, Agadas ko Libiya na bi tare da na gida.

Wani salo da ake yawan cin karo da shi shi ne labarin abokai 'yan makaranta masu burin zama mawaƙa, sai aljani ko boka ya shigo tsakaninsu. Farkon labarin yakan yi armashi: ga hira irin ta samari, ga faɗan iyaye, ga rashin kuɗin shiga situdiyo. Amma da an kai tsakiya, sai zaren ya tsinke. Rikicin da ya kamata abokan su warware da kansu, sai wani zoben tsafi ya warware shi a shafi guda. Mai karatu ya ƙona data, ya tashi da takaici.

Ba laifin aljanu ba ne

Adabin Hausa na zamani da abin al'ajabi ya buɗe ido. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, Abubakar Imam, yana da kimanin shekara 22, ya shigar da littafinsa na farko, *Ruwan Bagaja*. Akwai aljanu a ciki, amma abin da ya zauna a zukatan mutane shi ne wasan kura da Alhaji Imam da Malam Zurƙe ke yi wa juna. Halin mutum ne ke jan labarin, aljanu rakiya kawai suka yi.

Bambanci na biyu shi ne edita. Imam ya samu wanda zai karanta aikinsa ya ce masa nan ya yi, nan da saura, kuma a 1936 ya koma Zariya ya zauna tare da East, inda ya rubuta *Magana Jari Ce*. Matashin yau kuwa yakan rubuta da dare ya saki da safe, masu sharhi na ta cewa a ƙaro, ba mai cewa a gyara.

Arziki na gida an bar shi

Akwai kuma matsalar aro. Sau da yawa waƙa da tsafin da ke cikin waɗannan littattafai daga finafinan Indiya aka kwaso su, alhali Damagaram ce ta yi Ma'azu Ɗan Alalo, kuma alaƙar goge da garaya da iskoki a wasan bori tsohon zance ne a ƙasar Hausa. Marubucin da ya zauna da tsofaffin makaɗan karkarar Kance zai samu abin da babu shi a kowane fim.

Sai batun rubutu. Akasarin 'yan makarantar Nijar da Faransanci suka koyi karatu, duk da cewa a Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973. Shi ya sa ƙa'idar rubutun Hausa ke ba da yawansu wahala. Yanzu da dokar sake fasalin ƙasa ta 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, buƙatar masu gyaran rubutu ta ƙaru.

Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna yadda tacewa ke fito da gwanaye. Kafin irinta ta iso Matameye, mataki mafi sauƙi shi ne marubuci ya kammala littafinsa, ya miƙa wa malami ko abokin da ba ya jin nauyinsa, sannan ya saki. Littafin farko na iya yin tuntuɓe, amma mai karatun da aka ɓata wa dare da wuya ya dawo neman na biyu.