Bukhara: Garin da Hadisi Ya Kai Sunansa Duniya

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya sha jin "Bukhari ne ya ruwaito shi". Sai dai ba kowa ya san cewa laƙabin daga sunan gari ya fito ba, kuma garin na nan da ransa a ƙasar Uzbekistan. A Bukhara aka haifi Imam Muhammadu ɗan Isma'ila a shekara ta 194 bayan Hijira, wato 810.

Abin da ke fara yi wa baƙo maraba tun daga nesa shi ne hasumiyar Kalon, wadda Arslan Khan ya gina a 1127. Tsayinta ya haura mita 45, kuma da jan bulo aka yi ta, kowane zagaye da irin adonsa. A 1220 Jangis Khan ya ci garin ya banka masa wuta, amma bai taɓa ta ba. Mutanen garin kan ce kallonta ya yi har hularsa ta faɗi. Ko gaskiya ne ko zuƙi ta malle, ita dai tana tsaye.

Dab da ita akwai makarantar Mir Arab, ginin ƙarni na 16. Lokacin da gwamnatin Sobiyat ta garƙame makarantun addini, wannan na cikin 'yan ƙalilan da aka bari suka ci gaba da karatu bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Har yau akwai ɗalibai a ciki, shi ya sa ɗan yawon buɗe ido kan tsaya daga bakin ƙofa, ya leƙa.

Fadar Ark kuwa nan sarakuna suka zauna har 1920, shekarar da sojojin Bolshebik suka yi mata luguden wuta, Sarki Alim Khan ya tsere, daga baya ya ƙetara Afganistan. Mafi yawan cikinta kango ne yanzu. Abin da ya fi ta burgewa shi ne ɗan ƙaramin hubbaren Isma'ila Samani, mai shekara fiye da 1,000: ba fenti, ba ƙyalƙyali, bulo ne kawai aka jera kamar saƙar faifai. Kasuwannin da ke ƙarƙashin ƙubbobi ma suna riƙe da tsofaffin sunayensu: ta maƙeran zinari, ta masu huluna, ta 'yan canji.

Amma fa mai neman kabarin Imam Bukhari ba zai same shi a nan ba. Hakimin garin na zamaninsa, Khalid ɗan Ahmad, ya nemi ya riƙa zuwa fada yana karantarwa, shi kuwa ya ce ilimi zuwa ake yi a same shi. Kan haka aka fitar da shi daga garinsu. Ya rasu a ƙauyen Khartank a daren ƙaramar salla ta 256 bayan Hijira, can kuma kabarinsa yake.

Mai niyyar ziyara sai ya ware kwana guda, ya hau jirgin ƙasa zuwa Samarƙand. Daga can zuwa Khartank tafiyar kamar kilomita 25 ce a mota.