Lambu A Tsakar Gida Ba Tare Da Ƙasa Ba

Duk wanda ya san Jushi da Sabon Gari da Samaru shekarun baya, ya san yadda gidaje suka cinye gonaki. Akawu da ɗan kasuwa da ke zaman haya ba su da ko taki ɗaya na fili, manomin da ba shi da fadama a bakin Galma kuwa, in rani ya yi sai ya naɗe hannu. Ga shi kullum sai an yi cefane. To, akwai wata dabara wadda mai gida zai samu ganyen miya a tsakar gidansa, ko da an shafe ta da siminti.

Asalin dabarar

Abin da shuka take nema a ƙasa abu uku ne: wurin kafa saiwa, da ruwa, da abincin da ya narke cikin ruwan. In an ba ta waɗannan ta wata hanya, ba ruwanta da ƙasa. Wani malami a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka, William Gericke, shi ya fara yayata wannan a 1929, a 1937 kuma aka raɗa wa aikin suna haidrofonik. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojan Amurka sun noma ganye ta haka a tsibirin Asenshan, inda ba kome sai duwatsu. Daga baya wani malami a Jami'ar Hawai, Bernard Kratky, ya nuna ana iya yi ba famfo ba lantarki. Hanyarsa ita ta fi dacewa da talaka.

Kayan aiki

Ba sai an sayi sabon abu ba. Tsohuwar jarkar man gyaɗa mai lita 25 ko bokitin fenti ya isa, in an wanke shi sarai da sabulu. Amma fa a guji duk abin da aka taɓa zuba maganin ƙwari, ko fetur, ko baƙin mai a ciki, gama dafinsu ba ya fita daga roba. Sai ƙananan kofunan roba, da ɓuntun shinkafa daga wurin masu inji, da yashin rafi.

Ɓuntu sai an jiƙa shi kamar kwana goma, ana sake ruwa, domin tsabar da ta saura ta tsira ta mutu. Sa'an nan a gauraya shi da wankakken yashi, rabi da rabi.

Yadda ake haɗawa

A kwantar da jarka a gefenta, bakinta a toshe. A yanke rami uku a gefen da ke sama, kowane daidai bakin kofi, tsakaninsu kamar inci takwas. A huda gindin kofi da gefensa da ƙusa mai zafi, a cika shi da ɓuntu da yashi, a dasa latas ko alayyafo ɗan mako biyu. Sai a zuba ruwan taki har ya taɓa gindin kofi da kamar rabin inci, a zaunar da kofunan cikin ramukansu.

Ga inda asirin yake. Shuka tana shan ruwa yana raguwa, saiwa tana binsa ƙasa. Saiwar da ta rage a sama, tsakanin kofi da ruwa, da ita shuka take shaƙar iska. Saboda haka in mutum ya ga ruwa ya ja baya, kada tausayi ya sa ya sāke cika jarka fal. In ya yi haka ya nutsar da saiwar numfashi, shuka ta yi yaushi ta mutu alhali tana cikin ruwa. In ƙari ya zama tilas, a ƙara kaɗan, kada ya wuce rabin jarka. Kan latas guda yakan sha lita huɗu zuwa shida kafin ya isa cira, watau cikin mako huɗu ko biyar.

Tumatir da attarugu sun fi shan ruwa, sun kuma fi daɗewa. Su gara a cika tsohon baho da ɓuntu da yashi, a huda shi a gefe kamar inci ɗaya daga gindi, a riƙa ba su ruwan taki safe da yamma. Ran nan guda cikin mako a ba su zallan ruwa, ya wanke gishirin da ya taru.

Batun taki

Nan ne kuɗi yake fita, nan ne kuma aka fi kuskure. Takin zamani na buhu da ake sa wa masara bai isa ba, don ba ya narkewa duka, kuma akwai abincin da shuka take samu a ƙasa wanda babu a cikinsa. Yuriya kuwa tana ƙona saiwa. Abin nema shi ne taki mai narkewa da aka yi don wannan aiki. In an samu mai lamba 4-18-38, a lita 20 na ruwa a narka giram 12 nasa, da giram 6 na gishirin Epsom. Sai sun narke ƙaf, sa'an nan a zuba giram 12 na kalsiyam naitret. In wani iri ne, a bi abin da aka rubuta a jikinsa. Wanda ya cika hannu don shuka ta yi sauri, zai tarar bakin ganye ya ƙone.

Ruwan sama ya fi kowane kyau. Na famfo a bar shi ya kwana a buɗe. Rijiya mai zartsi kuwa a rabu da ita.

Abokan gaba uku

Na farko zafi. Cikin watan Maris da Afrilu ruwan jarka yakan yi ɗumi, saiwa ta ruɓe. A naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu, a kafa rumfar zana ta tare ranar azahar, a bar ta safe. Latas dai lokacinsa hunturu ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Alayyafo ya fi jure bazara.

Na biyu haske. In ya shiga ruwa, gansakuka takan fito ta cinye taki. Buhun nan yana maganin wannan.

Na uku sauro. Ruwan da yake kwance gidansa ne, don haka a toshe kowace kafa da tsumma, kada neman ganye ya jawo wa yara zazzaɓi. Da damina kuma a kau da jarka daga bakin indararo, kada ruwan sama ya tsinka takin.

Wannan dabara ba za ta gaji fadama ba, ba kuwa ta dawa da masara ba ce. Ta tukunyar miya ce. Mai so ya fara da jarka ɗaya ko biyu, gani ya kori ji. In abu ya rikice masa, Samaru ba nisa. Tun 1922 ake binciken aikin gona a can, tun 1962 kuma cibiyar take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Ya ɗauki shukar da saiwarta, ya kai wa malaman gona su duba.