Da Wane Mudu Ake Auna Ci Gaban Ƙasa?

Sau da yawa mukan ji a rediyo cewa tattalin arzikin wata ƙasa ya bunƙasa. Abin da ake nufi shi ne, an haɗa kuɗin dukan kayan da ƙasar ta samar da ayyukan da aka yi cikin shekara guda, an ga ya fi na bara. To, amma wannan lissafi yana da giɓi. A ce ƙauye yana da magidanta 10, ɗaya yana da shanu 100, sauran ba su da ko maraƙi. Mai lissafi zai ce kowa yana da shanu 10, alhali gidaje 9 ba sa shan nono. Haka kuma lissafin ba ya ƙirga wahalar uwa mai renon yara a gida, domin ba a biyanta.

Saboda haka ne a shekarar 1990 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fito da ma'aunin ci gaban ɗan Adam, bisa aikin Mahbub ul Haq na Pakistan da Amartya Sen na Indiya. Ma'aunin yana duba abubuwa 3: tsawon rai, ilimi, da abin da mutum yake samu na biyan bukata. A 2014 an sake lissafin arzikin Nijeriya, ya kai wajen dala biliyan 510, ta wuce Afirka ta Kudu. Duk da haka, a wannan ma'auni tana cikin rukunin ƙasashen da suke baya a shekarar.

Ƙasar Butan, da ke tsakanin Indiya da Sin, ta ƙara gaba. Tun shekarun 1970 sarkinta na wancan lokacin, Jigme Singye Wangchuck, ya fifita jin daɗin jama'a a kan tarin dukiya. Tsarin mulkinsu na 2008 ya wajabta a bar aƙalla kashi 60 cikin 100 na ƙasar a matsayin daji.

Ba a ce dukiya ba ta da amfani ba, gama da ita ake gina asibiti da makaranta. Amma ku ɗalibai, cikinku akwai shugabannin gobe. Idan aka ce muku ƙasa ta ci gaba, ku tambaya: jarirai nawa ne suka rayu, yara nawa ne suka iya karatu, gidaje nawa ne suka sami ruwa mai tsabta?