Darajar Tsofaffin Ƙunshin Katunan Besbol da Ba a Buɗe Ba

Katin besbol ɗan ƙaramin kati ne mai hoton ɗan wasa a gaba, da lissafin bajintarsa a baya. A Amurka an daɗe ana sayar wa yara waɗannan katuna cikin ƙunshin takarda mai kaki, haɗe da fallen cingam. A 1952 kamfanin Topps yana sayar da ƙunshi ɗaya santi biyar. Yau idan irinsa ya fito gwanjo a liƙe, maganar dubban daloli ake yi.

Abin da ya fara ɗaga kuɗinsa shi ne ƙaranci. Yaron da ya sayi ƙunshi a wancan zamani, a bakin kanti yake yage shi, ya tauna cingam, ya yi musayar katunan da abokansa. Kaɗan ne suka tsira a rufe. Sy Berger, ma'aikacin Topps da ya tsara katunan 1952, ya sha ba da labarin cewa kashin ƙarshe na katunan shekarar ya yi kwantai, har aka kwashe shi aka zuba a teku. A cikin wannan kashi katin fitaccen ɗan wasa Mickey Mantle yake, wanda aka sayar da guda ɗaya dala miliyan 12.6 a 2022.

Sai kuma sa rai. Cinikin biri a sama ne: mai saye bai san abin da ke ciki ba, kuma rashin sanin ne yake biya wa kuɗi. Shi ya sa buɗe tsohon ƙunshi galibi faɗuwa ce, don abin da ke fitowa 'yan wasan da aka manta da su ne, wani katin ya ci tabon cingam, wani an buga hotonsa a karkace.

Tsufa kaɗai ba ya kawo daraja, kuma nan mutane da yawa suka yi asara. A 1981 kamfanonin Fleer da Donruss suka shiga kasuwar, Upper Deck ya biyo baya a 1989. Daga wajen 1987 zuwa 1994 kamfanoni suka yi ta bugawa ba iyaka, jama'a kuma suka yi ta sayen kwalaye suna ɓoyewa da sunan jari. Kowa ya ajiye, saboda haka babu wanda ke nema. Yawancin ƙunshin waɗannan shekaru ba sa wuce 'yan daloli, sai ɗaiɗaiku irin na Upper Deck na 1989, saboda katin farko na fitaccen ɗan wasa Ken Griffey Jr.

Babbar matsalar kasuwar ita ce algus. Da zafi ake liƙe takardar kaki, don haka macuci yana iya buɗe ta a hankali, ya zare kati mai tsada, ya cusa na banza, ya mayar da liƙi da dutsen guga. Masana sukan duba ninkin kusurwoyi da sawun da injin ya bari a bayan ƙunshi. Kamfanoni irin PSA da Baseball Card Exchange suna tantancewa su rufe kayan da shaidarsu, kuma manyan masu saye ba kasafai suke taya wanda ba shi da ita ba. Ban da na takardar kaki, akwai ƙunshin leda mai nuna katin sama, shi ma yana da nasa farashi: idan fitaccen ɗan wasa ne a sama, kuɗin yakan ninka.