Yadda A Ke Zaɓen Injin Huda Mai Batir

Jama'a, darasinmu na yau a kan wani kayan aiki ne wanda ya shigo hannun masu sana'a a ƙasarmu, watau injin huda mai batir. Wanda ya bi ta Unguwar Shanu a Kaduna, ko ta Abakpa da Unguwar Kanawa, zai ga kafintoci, da masu haɗa tagogin alminiyam, da masu kafa farantan sola a kan rufi, kowa da nasa a hannu. Yanzu kuwa ya fara isa ƙauyuka, gama samarin da su ka koyo sana'a a birni su kan koma gida da shi.

Injin nan ba shi da araha. Sau da yawa sai mutum ya kwashe adashinsa, ko ya sayar da rago, ko buhunan masara, kafin ya mallake shi. In ya yi zaɓen kirki, ya sami abokin neman abinci na shekaru. In kuwa ya yi zaɓen tumun dare, jari ya tafi, aiki ya tsaya, ga iyali su na jiran cefane. Saboda haka ya kamata mu san abin da za mu duba tun kuɗinmu na cikin aljihu.

Asalinsa

A da, in za a huda itace, sai a gasa ƙarfe a wuta a ƙona ramin, ko a yi ta murɗa abin huda na hannu har gumi ya karyo. A shekarar 1917 kamfanin Black & Decker na Amurka ya sami rajistar injin huda mai mariƙi da kunama irin na bindiga. Amma wannan sai an jona shi da wutar lantarki. A shekarar 1961 kamfanin nan ya fito da na farko marar waya. Batirinsa na wancan zamani mai nauyi ne, ba ya kuma daɗewa. A shekarar 1991 kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da wani sabon batir, irin wanda ya ke cikin wayoyin hannunmu yau. Wajen shekarar 2005 manyan kamfanoni su ka sa shi a cikin injunan masu sana'a.

A jikin tsohon samfuri a kan rubuta Ni-Cd. A jikin sabo a kan rubuta Li-ion. Mu nemi sabon, gama ya fi sauƙin nauyi, ya fi kuma riƙe caji in an ajiye shi.

Mu fara duban aikinmu

Manomin da ya je sayen san noma ba ya sayen wanda ya fi ƙaho. Ya kan tuna da gonarsa tukuna, jigawa ce ko fadama. Haka mai sayen inji.

Wanda aikinsa haɗa kujeru ne da akwatuna da ɗaura ƙusa mai murɗi, ƙaramin inji ya ishe shi. Wanda ya ke rufin kwano, ko huda ƙarfe da katako mai tauri, ya nemi babba. Wanda zai riƙa huda bangon bulo, ya nemi wanda a ka zana hoton guduma a wuyansa, domin shi ya na juyawa ya na bugu. Amma ginshiƙin kankare ya fi ƙarfinsa, wannan aikin wani inji ne dabam.

Mu duba bakinsa kuma, inda a ke ɗaura tsinken huda. Akwai mai ɗaukar tsinke har milimita 10, akwai mai ɗauka har milimita 13. Mai aiki mai nauyi ya ɗauki na 13. Inji na kirki ya na da giya biyu. Ta ɗaya a hankali ce da ƙarfi, domin ɗaura ƙusa. Ta biyu da sauri ce, domin huda.

Haruffa biyu masu muhimmanci

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A jikin kowane batir akwai alamu biyu. Ta farko harafin V ce, wanda babu shi cikin haruffan Hausa. Ta biyu Ah ce.

V ta na nuna ƙarfin wutar. Ah ta na nuna yawan wutar da batir ya ke ɗauka, kamar yadda randa ta fi tulu. Ƙananan injuna 12V ne, manya kuwa 18V. In mu na so mu gwada batura biyu, sai mu ninka V da Ah. Batir mai 18V da 2Ah ya ba da 36. Mai 18V da 4Ah ya ba da 72. Na biyun zai yi aiki kamar ninki biyu na na farkon kafin ya nemi caji.

To, sai mu lura da wata dabara ta 'yan kasuwa. A cikin batir mai 18V akwai ƙwayoyi 5 a jere, kowace 3.6V. Biyar sau 3.6 shi ne 18. Amma sa'ad da a ka cire batir daga caja, kafin ya fara aiki, kowace ƙwaya ta kan kai 4V ko ta ɗara kaɗan. Shi ya sa waɗansu kamfanoni su ke rubuta 20V. Ashe 18V da 20V abu ɗaya ne. Kada mu ƙara ko sisi saboda wannan.

Akwai kuma injuna masu araha waɗanda a ke rubuta musu 48V, ko 88V, ko fiye, alhali batirin bai fi tafin hannu ba. Wannan lamba ce kawai ta jan ido, ƙwayoyin ciki ba su wuce 5 ba. Batura na gaskiya masu 36V ko 40V su na nan, amma manya ne, masu tsada, na manyan injuna. Hannu ma ya na ba da shaida. Batir mai 2Ah ya kan zo da ƙwayoyi 5, mai 4Ah ko 5Ah ya kan zo da 10, nauyinsa kuwa ya fi rabin kilo. In an rubuta babbar lamba amma mun ji shi sakayau kamar ƙwarya, mu ajiye shi.

In mun ga kalmar Brushless a jikin inji, ma'anarta babu ɗan gawayin nan da ke gogar ciki ya na cinyewa. Irin wannan ya fi tsada, amma bai cika zafi ba, ya fi kuma tattalin batir.

Batir shi ne ran inji

Batir ya na tsufa. Bayan an yi masa caji sau ɗaruruwa, ƙarfinsa ya kan ragu. Saboda haka kafin mu sayi inji, mu tambayi kuɗin batirinsa shi kaɗai, mu tabbata kuma a na samunsa a Kaduna ko Kano ko Zariya. Wani lokaci kuɗin batir ya kan yi kusa da na injin kansa. Batirin wani kamfani kuwa bai cika shiga injin wani ba. Amma yawanci batirin kamfani ɗaya ya na shiga zartonsa da injin gogarsa, in ajinsu ɗaya ne.

Mu da ba kullum mu ke samun wuta ba, gara mu sayi mai batir 2. Ɗaya na aiki, ɗaya na wurin caji.

Ga yadda a ke kiwon batir:

1. Zafi shi ne babban maƙiyinsa. Kada a bar shi a kan rufin kwano cikin ranar Maris da Afrilu.
2. In ya yi zafi wajen aiki, a bari ya huce kafin a sa shi caji.
3. Da an ji ƙarfinsa ya fara raguwa, a cire shi. Kada a tilasta masa har ya mutu murus.
4. In za a daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamar lokacin damina sa'ad da mu ke gona, a ajiye shi da rabin caji a wuri mai sanyi marar laima.
5. Kada a jefa shi cikin jaka ɗaya da ƙusoshi, gama ƙusa na iya haɗa bakinsa biyu ya kama wuta.
6. Kada a yi caji a kan katifa ko kusa da zana, kada kuma a bar shi a caja a yi barci.
7. In an ɗauke wuta a zare caja, domin wani lokaci ta kan dawo da ƙarfi.
8. In ya kumbura ko ya na wari, a daina aiki da shi. Kada a jefa shi cikin wuta ko juji inda yara su ke wasa.

Gwanjo da jabu

A na samun injuna na gwanjo masu kyau, amma akwai tarko. Wutar ƙasarmu 230V ce, ta Amurka kuwa 120V. In caja ta Amurka ce, an rubuta 120V kaɗai a bayanta, da an jona ta da wutarmu sai ta ƙone. Mu juya caja mu karanta. Mu nemi wadda a ka rubuta 220 zuwa 240, ko 100 zuwa 240. Batirin gwanjo kuma ya riga ya ci rabin zamaninsa a hannun wani.

Sunayen da a ka fi sani su ne Bosch na Jamus, da Makita na Japan, da DeWalt na Amurka. Akwai kuma Ingco da Total, waɗanda a ke ƙerawa a ƙasar Sin, sun fi sauƙin kuɗi. Masu jabu su kan kwaikwayi launin manyan kamfanoni, su sauya harafi ɗaya cikin sunan. Wanda bai iya karatu ba launi zai bi. Mu kuwa sai mu bi sunan harafi harafi. Amma kada mu ce duk abin da ya fito daga Sin jabu ne, gama manyan kamfanonin ma su na da masana'antu a can.

Lissafin araha

Ga misali domin mu gwada lissafinmu. Mu ce wani ya sayi inji a kan naira 40,000, ya yi masa wata 8 ya mutu. Raba 40,000 gida 8, kowane wata ya ci naira 5,000. Wani kuwa ya sayi nasa naira 90,000, ya yi shekara 3, watau wata 36. Raba 90,000 gida 36, kowane wata ya ci naira 2,500. Ashe mai tsadar shi ne mai araha. Ba mu kuma lissafta ranakun da na farkon ya zauna ba aiki ba. Gaskiyar mutanen da, araha ba ta ado.

Amma wannan bai ce kowa ya sayi mafi tsada ba. Wanda sai jifa-jifa zai ɗaura ƙofa a gidansa, matsakaici ya ishe shi. Wanda sana'arsa ke nan safe da yamma, shi ya kamata ya daure ya ƙara kuɗi.

Garanti

Garanti alkawari ne a rubuce, cewa in inji ya lalace cikin wani lokaci ba da laifin mai shi ba, za a gyara ko a musanya. Wani wata 6 ne, wani shekara 1, wani ya fi haka. Mu yi wa mai kanti tambayoyi uku. Wata nawa ne? Ya haɗa da batir da caja, ko inji kaɗai? In ya lalace, ina za a kai shi, nan Kaduna ko sai Legas? Mu sani kuma, shekarun da a ka buga a jikin kwali sau da yawa na ƙasar da a ka yi kwalin dominta ne, ba lalle su yi aiki a nan ba.

Garanti ba ya biyan injin da ya faɗo daga rufi, ko wanda ruwa ya shiga, ko wanda mai gyaran bakin hanya ya buɗe. In ya sami matsala cikin wa'adi, kada a kwance ko ƙusa ɗaya, a mayar da shi yadda ya ke.

Alkawarin baki ba ya tsayawa gaban alƙali kamar rubutu. Mu karɓi rasit, mu karanta shi a nan take. A ciki a sami kwanan wata, da sunan kanti da inda ya ke, da sunan inji da lambar jikinsa, da kuɗin da mu ka biya, da tsawon garanti, da sa hannu. Mu adana shi inda mu ke adana takardar gona.

Doka ma ta na tare da mai saye. Dokar kare masu sayen kaya ta shekarar 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba shi ikon mayar da kayan da ya fito da aibi, a gyara, ko a musanya, ko a mayar da kuɗi. Malamanmu kuma sun karantar da mu cewa a shari'a mai saye ya na da zaɓin mayar da kaya saboda aibin da a ka ɓoye masa.

Ranar ciniki

Ko a Kasuwar Shehu Abubakar Gumi ne, ko a Panteka, ko a Sabon Garin Kano, kada mu yi cinikin biri a sama. Mu tafi da wanda ya san aikin, da guntun katako mai tauri. Mu huda mu gani. Mu gwada gaba da baya, da giya ta ɗaya da ta biyu. Mu duba ko tsinke ya na juyawa sak ko ya na rawa. Mu shinshina ko akwai ƙauri. Mu sa a jona caja mu ga fitilarta ta kama. Mu zaga kantuna uku mu ji farashi. Sa'an nan mu biya, mu karɓi rasit.

Tambayoyi

1. Mene ne V ta ke nunawa, mene ne kuma Ah?
2. Don me 18V da 20V su ke abu ɗaya?
3. Batir mai 18V da 5Ah, nawa ya ba da in an ninka?
4. Me zai sami caja mai 120V in an jona ta da wutarmu?
5. Faɗi abubuwa huɗu da ya kamata a samu cikin rasit.
6. Inji na naira 60,000 ya yi wata 24. Nawa ya ci kowane wata?

Aikin gida: kowa ya duba bayan cajar waya ko batirin tocila a gidansu, ya kwafo lambobin da ya gani a littafinsa, ya kawo aji mu karanta tare.