Ciwon Kwatangwalo da Hoton Asibiti: Ko Gani Ya Kori Ji?



Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maƙasudin wannan lacca shi ne a auna wannan karin magana a kan wata lalura da ta addabi manya, watau ciwon kwatangwalo wanda ya wuce wata uku bai saki mai shi ba, kuma za mu ɗauki misalinmu daga ƙasar Kura da Bunkure.

Tun da aka gama Madatsar Ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka jawo ruwa zuwa Kadawa da kewayenta, manomin wannan yanki ya rabu da hutun rani. Da damina yana duƙe yana dashen shinkafa, da rani yana ban ruwan alkama da albasa da tumatir, sannan ga ɗaukar buhu da kwando. Arziki ya ƙaru, amma gaɓoɓi ne ke biyan harajinsa. Likitoci sun daɗe da lura cewa zaizayar gaɓar kwatangwalo ta fi yawa ga manoma, har a 2005 Ingila ta sanya ta cikin cututtukan sana'a da ake biyan diyya a kansu, ga wanda ya shekara 10 yana aikin gona.

Da farko sai mu san gaɓar kanta. Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana zaune cikin wani gurbi na ƙashin ƙugu kamar taɓarya a turmi, an shafe fuskokin biyu da guringuntsi don kada su gogi juna. Gaɓar tana can ciki, tsoka ta rufe ta, hannu ba ya kai wa gare ta. Saboda haka ne maɗori, wanda ya gwanance da karayar hannu da ƙwauri, yakan yi lalube a nan, wanzami kuma ya kafa ƙaho a bisa fata alhali ɓarnar tana cikin ƙashi.

A nan harshe ke shigowa. Bahaushe yana da ƙugu, da kwankwaso, da katara, da kwatangwalo, amma in ya je asibiti sai ya dunƙule su ya ce "sanyi ne ya kama ni". Ga likita kuwa kowace kalma hanya ce dabam. Ciwon gaɓar kanta an fi jin sa ta gaba, a matsematsi, yakan gangara cinya har gwiwa, ya hana mutum tsugunno da zaman tahiya. Ciwon katara, wanda ke hana kwanciya a ɓangare ɗaya, galibi na jijiyoyin tsoka ne. Wanda ya taso daga kwankwaso ya sauka ta bayan ƙafa kuwa, sau da yawa ƙashin baya ne tushensa. Idan bayani ya karkace, sai a ɗauki hoton wurin da ba shi ne ke da laifi ba.

Hoto na farko da akan nema shi ne eksire, wanda muke kira hoton ƙashi, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano haskensa a 1895. Shi ya fi arha, kuma shi ya fi samuwa. Akan ɗauki ƙugu gaba ɗaya domin a gwada dama da hagu. Guringuntsi ba ya fitowa a cikinsa, sai dai a ga tazara tsakanin ƙasusuwan biyu. Idan tazarar ta ƙuntata, ƙashi ya yi tsiro a gefe, an san gaɓa ta zaizaye. Mace mai ciki lalle ta faɗa kafin a ɗauke ta.

Amma akwai cutar da ke ɓuya wa eksire watanni, watau mutuwar kan ƙashin cinya saboda yankewar jini. Wannan ta shafe mu ƙwarai ta fuska biyu. Ta farko ita ce amosanin jini, wato sikila: kusan mutum 1 cikin 4 a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadonta, kuma waɗanda cutar ta bayyana gare su kan gamu da wannan lalura tun suna samari. Ta biyu ita ce yawan shan magunguna irin su dexamethasone da prednisolone, waɗanda wasu ke saye ba da izinin likita ba don kashe ciwon jiki ko neman ƙiba. Abin da ke tona wannan ɓarna da wuri shi ne hoton maganaɗisu, wanda ake kira em-ar-ai, da aka ƙirƙiro a shekarun 1970. Yana nuna ɓargo da guringuntsi da jijiyoyi, ba ya kuma amfani da hasken eksire. Sai dai yana da tsada, mutum kan kwanta kamar rabin sa'a bai motsa ba, kuma wajibi ne mai ƙarfe ko na'ura a jiki ya sanar. Amfanin gano cutar da wuri shi ne ana iya ƙoƙarin ceton gaɓar. Idan kan ƙashin ya rufta, galibi sai a sauya ta da ta ƙarfe da roba.

Saura biyu. Siti sikan, wanda aka fara amfani da shi a Ingila a 1971, yana yanka hoton ƙashi falle-falle, ya fi amfani wajen shirin fiɗa, amma haskensa ya fi na eksire yawa. Sikanin da mata suka sani wajen awon ciki kuwa yana nuna ruwan da ya taru a gaɓa, yana kuma yi wa allura jagora.

To, ko gani ya kori ji? A wannan fage bai kore shi ba. Akwai dattijon da hotonsa ya nuna zaizaya, yana kuwa huɗa lafiya lau. Akwai saurayin da eksirensa ya fito fes alhali ƙashinsa yana mutuwa. Don haka likita nagari yakan fara da saurare, ya duba tafiyar mutum, ya juya ƙafar, kana ya zaɓi hoton da zai amsa tambayar da ke ransa. Kuskure ne mutum ya sayar da amfanin gonarsa ya tafi neman hoto mafi tsada ba tare da likita ya tura shi ba, kamar yadda yake kuskure ya ce "hoto ya ce ba komai" ya koma gida alhali ciwo na ƙaruwa.

Akwai alamomin da ba a jinkiri da su: zazzaɓi, gumin dare, rama, ciwon da ke tashin mutum daga barci, ko kāsa taka ƙafa. Waɗannan na iya nuna ƙwayar tarin fuka ta shiga gaɓa, ko wata cuta mai tsanani.

Daga ƙarshe, mutumin Kura da Bunkure ba shi da nisa da taimako, domin Asibitin Ƙashi na Dala, wanda aka kafa a 1959, da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano duk suna cikin birnin Kano. Abin da ya rage gare ku ɗalibai da ma'aikata, ku da ke raka iyaye asibiti kuna yi musu tafinta, shi ne ku isar da kalmarsu daidai: ina ne ke ciwo, tun yaushe, wane magani aka sha. Ku kuma adana tsofaffin hotuna, domin da na bara ake auna na bana.